Ni Na Yi Wurgi da Faya-fayan Kawu

Sana'ata gyaran rediyo, ko da yake yanzu sunan ne kawai ya rage. Abin da ke zuwa kan teburina a Tudun Wadar Kaduna bai wuce amfilifayar masallaci da sifikun masu kiɗan biki da fanka mai caji ba. Rediyo sai jefi-jefi, in wani dattijo ya ƙi rabuwa da tasa. An haife ni a 1976, na fara koyon aiki ina ɗan shekara 16, ka ga ke nan hancina ya ƙoshi da hayaƙin dalma. Abin da zan faɗa ya faru tun kafin in san dalma, kuma sai da ya yi shekara 32 a cikina kafin in iya buɗe baki.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya shiga soja a 1967 yana saurayi, lokacin da ake ɗibar mutane da gaggawa, a yi maka horon 'yan makonni a miƙa maka bindiga. Yaƙi ya ƙare a watan Janairun 1970, amma shi bai dawo ba. Can Gabas aka bar su. Ya zauna Inugu, ya zauna Aba, sai wajen shekarar da aka haife ni ya dawo Kaduna da akwatin ƙarfe, da wando mai faɗin ƙafa, da wata suma da kakarmu ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da mai ita ba. Ya ajiye kaki, ya samu aiki a ɗaya daga masaƙun Kakuri, ya yi aure.

Ni ban san wancan Kawun mai suma ba, labarinsa kawai na ji. Wanda na sani mutum ne mai aski ƙwal, mai sahun gaba a masallaci, wanda ba ya dariya da ƙarfi, kuma in aka ɗauko zancen yaƙi sai ya tuna yana da wani uzuri a waje. Zamanin wa'azi ya yi ƙarfi a garin, shi ma ya bi sahu. Garmahonsa ya sayar tun tuni. Akwatin ƙarfen nan kuwa yana ɗakin ajiya, bayan buhunan masara, an ɗora masa tsohon murhu a kai.

Hutun Disambar 1987 aka kai ni gidansa. Ɗansa na fari tsarana ne, taubashina, kullum muna cikin kokawa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Ran nan Iya, matar Kawu, ta tafi da shi niƙa, ta ce in ɗauko mata gawayi kafin su dawo. Na ɗaga murhun, na ga akwati ba kwaɗo. Yaro da ƙaiƙayin hannu.

Faya-fayai ne, jere kamar littattafai, sun kai arba'in. Mu a lokacin faifai ɗaya muka sani, na rufe ƙwarya. Waɗannan baƙaƙe ne, masu sheƙi, da rami a tsakiya. Manyan suna cikin kwalaye masu hotuna: samari da suma kamar kwando, da tabarau, da jita rataye. Ƙananan suna cikin takarda, wasu da tambarin wani kare ya kafa kunne a bakin garmaho. Kwali ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Giwa ce aka zana, amma da fukafukai irin na ƙwaro, tana shawagi a sama. Na daɗe a tsugune ina kallonta har na manta da gawayi.

Ban san wanda ya koya mini ba, amma kafin la'asar na gane cewa in ka riƙe ƙaramin faifan nan a gefe, ka karkace wuyan hannu ka sake shi, sai ya tashi ya yi ta lilo kamar shirwa kafin ya sauka. Na kwashi biyar a cikin riga na nufi bakin layin dogo. Yaran unguwa suka taru. Na zama mai gari: wurgi ɗaya, gaɓar rake ɗaya. Wanda ya daki ƙarfen dogo ya tsage, wanda ya faɗa kan tsakuwa ya kwarzane, wani iskar hunturu ta ɗauke shi ta kai rufin wani gida. Kwana uku ina wannan ciniki. Da ƙananan suka ƙare na koma kan manyan, su ba sa tashi da kyau, sai muka riƙa gara su a ƙasa kamar taya. Taubashina bai san ana yi ba, don na tabbata zai hana ni. Abin da kawai na yi masa shi ne kyauta: na ba shi kwalin giwar nan, na ce a bola na tsinta. Ya ji daɗi, ya sa a ƙarƙashin tabarmarsa.

A nan Kawu ya gan shi.

Ban taɓa ganin Kawu ya ɗaga hannu a kan yaro ba sai ran nan. Ya shiga ɗakin ajiya, ya fito, ya kwance bel. Yaron yana ihu yana cewa, “Wallahi Baba ba ni ba ne,” amma bai ce wane ne ba. Sau ɗaya ya juyo ya kalle ni. Ina tsaye jikin randa riƙe da moɗa, na kai ta baki kamar mai shan ruwa, alhali babu komai a ciki. Sai da Iya ta shiga tsakani. Kawu ya jefar da bel ɗin, ya je zaure ya zauna, har aka yi isha bai taɓa tuwonsa ba. Ko a lokacin abin ya ɗaure mini kai: mutumin da ya bar kiɗa, ya sayar da garmaho, me zai yi da faifan da ba ya ji?

Daga wannan hutun na fara zame wa gidan. Sallah in je in gaida su a tsaitsaye. Ni da taubashina muka ci gaba da wasanmu, ya girma ya zama direban tirela, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma na kama bakina.

Farkon 2019 wani saurayi ya shigo shagona da jaka a baya, daga Legas, Hausarsa guntu-guntu. Bi yake yi shago-shago wurin masu gyara yana tambayar tsofaffin faya-fayai. Na ce masa wa ke jin faifai yanzu? Ya yi dariya, ya ce akwai masu nema a Ingila da Jamus da Amurka da Japan, ya faɗi abin da zai biya a kan wasu in suna da lafiya, kuɗin da ya fi abin da nake samu a mako. Ya miƙo mini wayarsa in duba hotunan kwalayen ko na taɓa ganin irinsu. Ina ja da yatsa, ina ja, sai ga giwata.

Gabana ya faɗi. Na ce masa wannan fa? Ya leƙa, ya taɓe baki. Ya ce ai wannan Osibisa ce, a Landan aka kafa ta a 1969, 'yan Ghana ne jagororinta, an buga faifan da yawa a Turai, ba ya wuyar samu. Ya ajiye hoton ne don mutane sun fi gane shi, in sun gane shi sai ya san gidan an taɓa tara faifai. Abin da yake nema su ne na gida, waɗanda aka buga kaɗan a Legas, musamman ƙananan nan masu tambarin kare. Wato abin da na adana a raina shekara talatin shi ne mafi araha a akwatin, waɗanda na sayar a kan gaɓar rake kuwa su ne zinariyar. Ya rubuta mini sunaye a bayan rasit: Ofege, BLO, Funkees, Hygrades, Wings, MonoMono, Elcados. Ya bar lambarsa ya tafi.

Da daddare na ba 'yata rasit ɗin, ta nemo mini su a YouTube. Na jona wayar da wata amfilifaya da na gama gyarawa. Jitar na shigowa na miƙa hannu na kashe, don na ɗauka sifikar ce ta yage. Na canza sifika. Haka dai. Na sa wani karatu don gwaji, ya fito tas. Sai na gane ba kayana ba ne, haka aka ɗauki kiɗan.

Nan ne abin ya kama ni, kuma ta wajen sana'a ya kama ni kafin ta wajen kunne. Duk rayuwata aikina shi ne korar wannan ƙara. In an kawo amfilifaya tana gurnani, murya na fita da kaushi kamar an cusa ƙudan zuma a gwangwani, to an ɗora wa taransista abin da ya fi ƙarfinta, tana yanke kan sautin sama da ƙasa. In nemo inda matsalar take, in canza, murya ta wanke, a biya ni. Su waɗannan samarin da gangan suke yi. Akwai wani ɗan akwati da mai jita ke takawa da ƙafa, taransista biyu ko uku ne a ciki da 'yan tarkace, aikinsa kawai ya ɓata sautin, ya sa shi ya yi gashi, ya kuma daɗe yana kuka bayan an saki tsirkiya. Akwai wani mai kama da totur, in ana taka shi ana sakewa sai jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa kamar jariri. Abin da nake karɓar kuɗi in cire, su kuɗi suke biya a sa musu. Na zauna ina dariya ni kaɗai har maiɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya.

Turawa suna kiran irin wannan kiɗa rok, wannan reshen nasa kuma saikedelik, sunan da ya samo asali daga ƙwayoyin da ke juya hankali, don a can Amurka da Ingila a ƙarshen shekarun 1960 tare suka tashi. Akwai ɗan'uwansa da suke kira furogiresib, mai dogayen waƙoƙi masu canza tafiya a tsakiya. Wanda ya zana giwata, Roger Dean, shi ne kuma mai zana wa ƙungiyar Yes kwalayenta, su kuwa manyan wancan reshen ne. Na saurari nasu, na yaba gwaninta, amma ban ji shi a jikina ba. Na gida ne ya riƙe ni, don a ƙarƙashin duk wannan gurnanin, gangar tamu ce. In ka toshe kunne daga jitar ka bi ganga kawai, za ka iya taka rawa irin wadda ka sani.

Wata shida na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina karanta abin da aka rubuta a kansu, 'yata na taya ni inda Turancin ya yi mini nauyi. Ofege yara ne 'yan makarantar St. Gregory's da ke Obalende a Legas, suna makaranta suka fitar da faifansu na farko a 1973 a kamfanin EMI, ƙarƙashin Odion Iruoje, mutumin da hannunsa ke cikin yawancin waɗannan faya-fayai. BLO mutum uku ne, sunan ma daga nasu aka haɗa: Berkley Jones, Laolu Akins, Mike Odumosu. Biyu daga cikinsu sun yi yawon Turai tare da Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, Baturen da ya ratso Sahara da mota a 1971 ya zo ya kafa ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja. Funkees daga Gabas suka taso, suka koma Landan a 1973. Wanda na fi jin kamar ɗan'uwana shi ne Goddy Oku na Hygrades a Inugu, don shi da hannunsa yake haɗa kayan sautinsa. Da na ji haka sai na sake sauraron jitarsa da kunnen mai gyara, ina ƙoƙarin hasashen abin da ya sa a cikin akwatin. Elcados kuwa nan Arewa suka yi zamansu, har akwai waƙarsu mai suna “Ku Mi Da Hankan”, suna kamar Hausar da ta sha hanya.

Duk wannan bai cika shekara goma ba ya mutu. Disko ya zo, rege ya zo, kaset ya shigo tare da masu kwafi, tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu. Faya-fayan suka koma ɗakunan ajiya, rana ta kantarar da wasu a ƙarƙashin kwano, ruwa ya ci wasu, wasu kuma suka gamu da irina. Sai da wani kamfanin Ingila, Soundway, ya tattaro wasu ya sake bugawa a 2008 da 2010, sannan Now-Again na Amurka ya fitar da nasa a 2016 tare da dogon tarihin da Uchenna Ikonne ya rubuta, kafin duniya ta waiwayo. Haka aka yi wa na Zambiya ma, inda aka lalubo Jagari Chanda na ƙungiyar WITCH yana haƙar duwatsu masu daraja, aka mayar da shi kan dandamali da furfurarsa. Abin da daɗi, amma da ɗan ɗaci: sai da baƙo ya zo ya ce kayanmu na da kyau. Ni dai ba ni da bakin yin wannan ƙorafi da ƙarfi.

Kawu ya koma Rigasa tun bayan rikicin 2000, masaƙa ta rufe, idanunsa sun yi yana, ba ya fita sai masallacin ƙofar gida. Washegarin babbar sallar 2019 na ɗaure amfilifaya da sifika ɗaya mai kyau a bayan babur na tafi. Na san taubashina yana gari. Na gaida Iya, na shiga wurin Kawu, muka gaisa, na ce, “Kawu, wani abu na kawo ku ji mini, ko kun san shi.” Ya ce, “Karatu ne?” Na ce a'a. Ya yi shiru, sannan ya ce in tura ƙofa.

Na fara da Wings. Minti ɗaya bai motsa ba, hannunsa na kan carbi. Sai na ga babban yatsan ƙafarsa yana taɓa tabarma. Can ya ce, “Wannan yaron ai ya mutu. Mota ce ta kashe shi, muna can.” Spud Nathan yake nufi, mawaƙinsu, wanda ya rasu a hatsari a 1974. Na sa Hygrades, ya ce in ƙara murya. Na sa Funkees, ya yi wata 'yar dariya ta hanci da ban taɓa ji daga gare shi ba, ya ce, “Kai, ɗan nan, ina ka tono waɗannan?”

Ran nan na ji zancen da mahaifiyata ma ba ta taɓa ji ba. Ya ce bayan yaƙi garuruwan nan babu komai, duk abin da mutum ya ajiye a banki fam 20 aka ba shi, soja ne kawai ke da albashi a aljihu. Su kuma samarin can ba aiki, ba makaranta, sai jita. To wa zai biya kuɗin ƙofa in ba soja ba? Ya ce ranar Asabar sai ka ga zaure cike, masu kiɗa a sama, masu kaki a ƙasa, kuma kowa ya san 'yan watanni baya da sun haɗu a daji da ɗaya bai kwana ba. Ba mai tambayar wani inda ya yi yaƙi. Ya ce ƙarar jitar nan ita ce abu na farko da ya ji wanda ya fi ƙarar da ke cikin kansa, in ya dawo daga wurin ne kawai yake samun barci. Na tambaye shi batun shaye-shaye, ya ce akwai masu yi, ba zai yi mini ƙarya ba, hayaƙi har ido na yaji, amma shi abin da ya kai shi daban.

Sai ya ce akwai wani yaro a Aba, mai jita, siriri, ɗan yatsansa ɗaya ya tafi a yaƙi amma yana kaɗawa da sauran. Kawu yakan kai masa batir da gwangwanin kifi daga bariki. Ƙungiyarsu ba ta yi suna ba, faifai ɗaya tal suka samu aka buga musu, ƙarami. Ran da za a mayar da su Kawu Arewa yaron ya zo har tasha ya ba shi ɗaya, ya yi rubutu a jikin takardar. Kawu ya ce, “Garin su yaron nan, mu muka shige shi. Ya sani, na san ya sani.” Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Ya ce sauran faya-fayan da ya so da ya ƙona su da kansa lokacin da ya bar kiɗa, wancan ɗayan ne ya hana, sai ya bar su duka su taya shi zama.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tashi na leƙa tsakar gida na kira taubashina, ya shigo yana suɗe hannu daga naman sallah. Na durƙusa na ce, “Kawu, ni ne. Ni na kwashe su, ni na yi wurgi da su a bakin dogo. Shi bai san komai ba, kwalin ma ni na ba shi.”

Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya ce ai ya daɗe da sani, yadda manya kan yi don su sauƙaƙa maka. Bai sani ba. Na ga haka a fuskarsa. Ya juya inda yake jin numfashin ɗansa, ya kira shi da sunan da yake kiransa tun yana yaro, ya ce, “Zo nan.” Ya laluba ya kama hannunsa, hannun direba mai kanta, ya ce, “Na dake ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini.” Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san nauyin wannan magana daga bakin uba. Ni da na jawo ta, na rasa inda zan sa idona.

Taubashina ne ya cece mu. Ya ce, “Haba Baba, ai dukan da na ci bashinsa a wasu wuraren ya fi wannan yawa, mu bar shi a biyan bashi.” Ya juyo kaina ya ce kuɗin shara na shekara 32 zai bi ni, da riba. Daga baya a waje, muna jingine da babur, na tambaye shi me ya hana shi tona ni ran nan. Ya ce, “Da na faɗa, da wane ido Goggo za ta shigo gidan ƙaninta? Kuma kai a lokacin kamar tsinke kake, bel biyu sai a kai ka asibiti.” Ya daki kafaɗata da ƙarfin da ya wuce na wasa kaɗan. Na karɓa.

Ni kuwa abin da Kawu ya ce mini kafin in fita gajere ne: “Kai kuma sai ka nemo mini ita.”

Sunan ƙungiyar ya ɓace masa, yaron ma laƙabi kawai ya sani. Abin da ya rage masa shi ne karin waƙar, da yadda jita ke shigowa bayan ganga ta yi zagaye huɗu. Na sa ya yi mini ita da hanci na ɗauka a waya, daƙiƙa arba'in, da tarinsa a tsakiya da kukan akuya daga waje.

Tun daga nan na zama ɗan gidan Panteka, kasuwar tsofaffin kaya ta Kaduna. 'Yan gwangwan sun san ni, in sun kwaso kayan tsohon gida suka ga baƙin faifai sai su ajiye wa “mai rediyo”. A can na samu wata tsohuwar na'urar juya faifai ba murfi. Bel ɗinta ya narke ya zama kamar kwalta, na kankare, na yanko wani daga tsohon tub na keke, na yi ta ragewa ina gwadawa har gudun ya daidaita, don in ya ɗara kaɗan sai namiji ya koma mace, in ya gaza sai mawaƙi ya yi kamar mai jin barci. Manyan faya-fayai zagaye 33 da sulusi suke yi a minti, ƙananan 45. Allura kuwa sai daga Legas, saurayin nan ne ya aiko mini a motar haya. Faifan da ya kwana shekara arba'in a ƙura ba a ɗora masa allura haka nan. Ruwa mai tsabta nake sawa da ɗigon sabulun ruwa, in bi layin da tsumma mai laushi a zagaye, ba a gicciye ba, in kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, in jingine shi a inuwa ya sha iska. Wanda ya kantare nakan sa shi tsakanin gilashi biyu in ɗora nauyi in manta da shi makonni. Wani ya miƙe, wani ya ƙi.

Yawancin abin da ke zuwa ba shi ba ne. Jim Reeves kamar an zubar da shi daga jirgi, waƙoƙin Indiya, kiɗan Kwango, jefi-jefi Shata ko Ɗan Maraya, su kuma in na samu ba na bayarwa. Sau ɗaya na dace da Ofege, ya kwarzane a gefe ɗaya, allura na tsalle a waƙa ta biyu. Saurayin Legas ya yi mini tayi, na ce ba na sayarwa ba ne, na kai wa Kawu. Ya shafa kwalin da tafin hannu, ya sansana shi, ya ce ƙamshin bai canza ba.

Wani maƙwabcin shagona ya taɓa ce mini, da girmana da gemuna me nake yi da kiɗan 'yan iska. Ban yi musu da shi ba, ni ba malami ba ne. Kawu ma bai ce ya canza ra'ayi a kan abin da ya bari ba. Ranar Juma'a bayan la'asar nake zuwa, mu tura ƙofa, mu ji biyu ko uku, da an taɓa lasifikar masallaci ya ɗaga hannu in kashe. Akwai wata waƙar Ofo the Black Company ta 1972 da suka sa wa kabbara a matsayin suna, suna rera ta a kan gurnanin jita. Masu tara faifai a waje suna ji da ita ƙwarai. Na sa masa ita sau ɗaya, bai bari ta yi nisa ba ya ce in cire, ya ce ko a wancan zamanin in an sa ta fita yake yi. Ni ma a gaskiya ba ta zauna mini ba.

Daƙiƙa arba'in ɗin nan na tura wa saurayin Legas, shi ma ya tura wa waɗanda suka fi shi sani. Sau uku suna aiko da abin da suke zato. Kowanne Kawu ba ya bari ya kai rabin minti. Ya karkata kai, ya jira ganga ta yi zagayenta, jita na shigowa ya ce, “Ba ita ba ce. Waccan kamar tana jan ƙafa take shigowa.” Taubashina ma ya shiga neman, in ya yi lodi zuwa Aba ko Onica yakan tambayi tsofaffin masu shago, har ya taɓa zuwa mini da kwali guda, rabinsa waƙoƙin coci.

A cikin kwalin nan akwai ƙanana biyu da takardar tsakiyarsu ta goge, ba suna ba tambari, ɗaya da tsaga a baki amma ba ta kai layi ba. Jiya na wanke su, suna nan jingine a bayan teburina kusa da amfilifayar wani masallaci da ke jiran taransifoma. Ban ɗora musu allura ba. Kawu ya ce kada in riƙa riga shi ji, sai ranar Juma'a.